Gishirin Baba da Tururin Teku

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, aka ba ni aikin bincike a kan ruwan da rana ke ɗauka daga teku ya zama tururi, da wanda ke dawowa ƙasa a ruwan sama. Da bayanan tauraron ɗan'adam nake lissafin. Ni kuwa ban taɓa ganin teku ba, iyakata tafkin bayan ƙauyenmu a ƙasar Ɓaure, amma yadda nake hura hanci sai ka ce ni na haƙa shi.

Na zo hutu da bazara na tarar da mahaifina cikin tunani. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, irin geron da ya rage masa bai cika ƙwarya biyu ba. Maƙwabta sun fara binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa a jira ruwa. Haɗarin shi ne in yayyafi ya sauka ya ɗauke, iri ya tsiro ya ƙone, shi ke nan babu wani.

Na buɗe kwamfuta a zaure, na nuna masa taswira, shuɗi ya rufe har yankinmu. Na ce, "Baba, gobe a yi binne, laima ta iso."

Ya daɗe yana kallo. Sai ya tashi ya je gindin rumbu, ya kwance wani ƙullin gishiri da yake ratayewa a can, ya murza a yatsa. Garau yake, a bushe. Ya ce, "Malam na boko, tauraronka ya yi gaggawa. Iska ba ta juyo ba."

Wallahi na ji haushi, har abincin rana na ƙi ci. Da la'asar na sake duba taswirar, sai na lura da kwanan watanta. Ta bara ce. Irin waɗannan bayanai sai abu ya wuce ake tattara su a tace, ni kuma na zo ina hasashen gobe da su. Ban gaya wa kowa ba.

Yayyafin ya zo kuwa, ya ɗauke. Irin maƙwabta ya tsiro ya ƙone.

Bayan kwanaki, da hantsi, Baba ya kira ni ya zuba min gishirin a tafin hannu. Ya yi danshi, har yana manne wa fata. Wata iska mai laushi tana busowa daga kudu. Abin da na yi wata da watanni ina lissafawa ke nan, ya taso daga teku, ya ratso ƙasar nan kaf, ya zo ya sauka a hannuna. Na ce Allahu Akbar a hankali, na bayyana masa.

Ya ce, "Tekun nan, an ce duk gishiri ne?"

Na ce, "Duk, Baba."

Ya dubi ƙullin. "Ikon Allah. Ashe mutanen garinsu yake ji sun taho."

Ranar muka yi binne, ruwan shuka ya sauka, irin ya tsira.

Har yau ina wannan aiki, kuma ina duba kwanan watan kowace taswira sau biyu. Baba ya rasu bai ga teku ba. Da na je bakinsa karon farko, na ɗebo a hannu na ɗanɗana, sai hawaye. Na ce wa tekun ina kawo gaisuwa daga gindin rumbu.