Kafintan da ke taya gidajen da ba zai saya ba

Shekara talatin da huɗu Baba Kafinta ya yi a shago guda, a layin da ya bi ta bayan tashar mota. Ƙofofi da tagogi ya fi yi, sai aikin rufi idan an kira shi. Shagon ba nasa ba ne. Da farashin filaye ya tashi, magadan mai shagon suka sayar da shi, aka rushe shi a yini ɗaya. Yau bene ne hawa huɗu a wurin, rabin ɗakunansa a kulle, don masu su ba don zama suka saya ba. Baba ya kwashe zartuna da gudumomi ya tura ƙarƙashin gado. Shekarunsa sittin da uku, ga ciwon baya, ga 'yan mata biyu a makaranta.

Ana nan sai wani dillalin gidaje da ya taɓa yi wa ƙofar ofis ya nemo shi. Sai-an-ƙara ake ce wa dillalin, don ita ce amsarsa ga kowane tayi.

"Baba, aikin ba na ƙarfi ba ne," in ji shi. "Wanka za ka yi, ka sa kayanka masu kyau, ka zo ganin gida. In sun taya, ka ɗora kaɗan. In na cire tabarau, ka ce ka haƙura."

Haka kasuwar ta koma a birnin. A sa gida a kasuwa da safe, kafin yamma mutum biyar sun taya. Dillali yakan tara masu nema a sa'a ɗaya don su ga juna. Ranar da suka zo su kaɗai, ko suka yi sanyi, sai an sami wanda zai zaburar da su. Baba ne wannan mutumin. Idan ciniki ya faɗa, a ɗan yaga masa wani abu daga la'ada.

Dillalin ya so Baba ya riƙa zuwa a matsayin tsohon ɗan kasuwa, amma hannu ya riga ya saba. Baba ba ya iya shiga ɗaki bai ƙwanƙwasa ƙofa ya saurari katakon ba, kuma tef ɗin awo ba ya barin aljihunsa. Da farko dillalin ya yi faɗa. Daga baya ya lura cewa duk wanda ya ga dattijo yana auna bango sai jikinsa ya ba shi cewa gidan zai kuɓuce masa, sai ya ce, "Ci gaba da awonka, Baba."

A gida, matarsa takan tarye shi da tsokana. "Sannu da zuwa, mai gidaje. Yau wanne muka saya? Ka ce su bar mini mai famfo a ciki." Ɗaki biyu suke haya. Shi kuma yakan gaya wa kansa cewa bai sa hannu a aljihun kowa ba, kuma yawancin masu sayen nan kullewa za su yi su tafi.

Gidan da ya tsaya masa a rai tsoho ne, ɗaki biyu da falo, a ƙarshen wani lungu. An shafe shi da farin fenti, an sa sabon silin. Masu nema a ranar miji da mata ne: ita ma'aikaciyar jinya, shi direban bas, da yara uku. Baba ya ji tana gaya wa dillalin cewa gida bakwai aka ƙwace musu a bana, duk a wurin tayi.

Masu fenti sun bar tsani a tsakar gida. Baba ya ga 'yar ƙofar shiga silin a ɗakin baya, bai ma yi shawara da kansa ba ya jingina tsanin ya hau. Ya danna makullinsa a jikin katakon rufi. Makullin ya shige har rabi, gari ya zubo masa a hannu. Ya gwada na biyu da na uku, duk haka. Gara ta cinye cikinsu, saura ɓawo.

Yana saukowa ya tarar da matar a ƙofar ɗakin tana kallon hannuwansa.

"Baba, kai kafinta ne, ko?"

"Na taɓa yi, 'yata."

"To ya ka ga gidan?"

Dillalin na tsaye a bayanta yana wasa da makullan mota. Baba ya kakkaɓe hannu a riga.

"Ga ni dai ina tayawa," ya ce.

Da suka fito falo ya ji tana yi wa mijinta magana ƙasa-ƙasa: "Ba sai mun biya mai duba gini ba. Kafinta ya hau ya gani da idonsa, kuma nema yake."

Sau uku Baba ya ɗora a kan tayinsu. A na uku direban ya fita waje ya daɗe yana waya, ya dawo ya ƙara. Bas ɗinsa ya sallama wa wani, zai koma tuƙa motar mutane. Sai a lokacin dillalin ya cire tabarau. Baba ya ce ya haƙura. Matar ta biyo shi har bakin ƙofa.

"Ka yafe mu, Baba. Allah ya ba ka wanda ya fi wannan."

Ya ce amin.

Sati uku bai gaya wa kowa ba. Amma ya san abin da ya taɓa. Kwanon rufin na da ne, mai nauyi, kuma saura wata biyu damina ta sauka. Iska mai ƙarfi ɗaya ta isa. Sau biyu ya bi ta lungun ba tare da wani dalili ba. A karo na biyu ya ga an shanya kayan makaranta a tagar ɗakin baya, ya gane nan yaran ke kwana.

Ya sami dillalin a ofis.

"An sa hannu, Baba, an ba da makulli," in ji Sai-an-ƙara. "Ni ban hau silin ba, kai ka hau. Kuma rabonka ka karɓa. In ka buɗe baki, da ni da kai sai a kotu."

Da Baba ya gaya wa matarsa, tana tsince shinkafa ne a faranti. Ba ta ɗago ba.

"Yara nawa ka ce?"

"Uku."

"Ka san lungun, ka san ƙofar. Ni me kake so in ce maka?"

Washegari da safe ya jawo jakar kayan aiki daga ƙarƙashin gado, ya sa tsohuwar rigar shago. Ma'aikaciyar jinyar ce ta buɗe masa, ta yi fara'a, ta ce wa mijin ga Baban nan da suka kayar. Baba ya ƙi zama. A tsaye ya faɗi komai: cewa ko shago ba shi da shi balle kuɗin gida, cewa biyansa ake yi ya taya, da abin da ya gani a sama. Ya miƙa wa direban makulli ya ce ya hau ya gwada da kansa.

Direban ya ari tsani a maƙwabta ya hau. Ya sauko da gari a gashin kansa. Ya juyo ya dubi Baba.

"Nawa aka ba ka?"

Baba ya faɗa.

"Kuɗin man sati guda," in ji direban, ya yi wata 'yar dariya. "A kan kuɗin man sati guda na rabu da motata."

"Na tambaye ka fa," in ji matar. "Da bakina na tambaye ka."

"Kin tambaye ni."

Ya ce zai sauya rufin da hannunsa, ba ya son ko sisi. Ta ce katakon fa, wa zai saya, su da ko gado ba su iya saya ba, a katifa suke kwana a ƙasa? Baba ya ce abin da aka ba shi yana nan bai taɓa ba. Ya isa katakon ɗaki ɗaya.

Direban ya so ya kore shi. Matar ce ta ce a bar shi ya yi ɗakin yara, fushi ba zai riƙe kwano ba.

Kwana tara ya yi a kai, shi kaɗai, yana hawa yana saukowa yana dafe baya. Direban yakan miƙa masa katako kafin ya fita aiki, ba tare da ya kalle shi ba. A falo da ɗaya ɗakin, abin da Baba ya iya shi ne ya kafa tokara biyu-biyu daga ƙasa zuwa silin, ya ce duk ranar da hadari ya haɗu su koma ɗakin baya gaba ɗaya. Dillalin bai sake kiransa ba. An ce ya sami wani dattijon, tsohon ma'aikacin banki.

Ranar da ya gama, yana haɗa kayansa, matar ta fito da takarda ta ce ya rubuta lambarsa.

"In mun sami na katako za mu kira ka. Ba don komai ba, don ba mu da kuɗin wani kafintan."

Ya rubuta, ya ce yana jira.

Damina ta sauka da wuri a bana. An yi ruwa mai iska sau biyu, kuma duk sau biyun Baba ya je lungun da safe ya duba daga nesa. Rufin yana nan. Su biyar ɗin suna kwana a ɗaki ɗaya, kuma har yanzu ba su kira shi ba.