Marken bayan lakwal

Kwanan baya wata ɗiyar ƙanena mai karatun tsirrai ta zo tana zuba mini bayani, wai an gano ɓawon marke yana da sinadarin da ke hana jiki lalacewa, kamar yadda mai ke hana ƙarfe tsatsa. Ta tambaye ni ko akwai marke a garinmu. Na ce akwai da. 

Shekarun baya ina koyarwa a garin namu, wani ƙauye kusa da Korgom, mushe guda, wato malamin boko, mai wando da takalmi, ina ganin na fi ƙarfin saiwa da sassaƙe. Uwata, wadda muke ce wa Inna, ita ce mai maganin yara a garin. Marke ɗaya ne ya rage, a bayan lakwal, makarantar da nake koyarwa, kuma tana da doka a kansa: a sassaƙi gabas ko yamma, faɗin tafin hannu, a liƙe wurin da laka. Ba a zagaye itace. In ka zagaye shi ka yanke masa maƙogwaro, haka take cewa.

Sai fari ya zo. Shekara biyu gero bai yi kai ba. Soja ke mulki, motocinsu kan kawo jar dawa su wuce, amma gidan likita ko ƙwaya babu, sai kwalabe. Zawo ya faɗa wa yara. Kowa ya nufi marken da gatari, har baƙi daga wajen Maijirgi, wa zai tsaya neman gabas? Kafin wata uku itacen ya koma fari fat, in ban da wani siririn ɓawo mai faɗin yatsa huɗu, daga gindi zuwa rassa. Da shi kaɗai yake shan ruwa.

A wannan halin ɗiyata ta kwanta. Shekararta biyu. Nonon uwarta ya ƙafe, idonta ya faɗa, ko kuka ba ta iyawa sai ta buɗe baki kawai. Na ɗauke ta a amalanken jaki har gidan likitan Tasawa, aka rubuta mini takarda aka ce in dawo wani mako. Wani mako! Wallahi na ji kamar in shaƙe mutumin da ya ba ni takardar, alhali shi ma ba shi da komai.

Da muka dawo na ce, "Inna, ki ba ta marke."

Ta ce, "Ɗan nan, abin da ya rage ransa ne. Kuma ba ciwo kaɗai ke cin yarinyar nan ba, yunwa ce."

Na ce, "Itace kike jin tausayi, Inna? Jikarki fa!"

 Na ɗauki gatari da rana tsaka, ni da nake koya wa yara amfanin itatuwa a allo, na je gindin marken na ɓare siririn ɓawon nan tas. Na juye ruwan butata a ƙasa don in kwaɓa laka, rairayi ya shanye. Haka na baro shi tsirara.

Inna ta karɓi ɓawon, ta dafa, ruwan ya yi rawaya, ta riƙa ɗiga wa yarinyar da ludayi.  Yarinyar ta kwana biyu, ran na uku da hantsi ta cika.

Damina ta sauka da kyau a shekarar, marken bai tofo ba. Da kaka zawo ya dawo. Ina zaune a zaure nakan ji mata suna sallama da 'ya'yansu a goye, suna cewa, "Inna, a taimaka da marke."

Sai ta ce, "Babu, 'yar nan. Ya mutu."

In sun tambayi wane marar tsoron Allah ne ya ƙarasa shi, takan ce fari ne. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa faɗin sunana ba.