Shayarwar da Ta Mayar da Ni Gadi

Shekara goma sha shida ina masinja a ofishin walwalar jama'a, oganmu Malam Sunusi ya mayar da ni gadin ƙofa da layi biyu a takarda. Ban taɓa mantawa da ranar ba, kuma ku yaran yanzu gara ku ji daga bakina.

Lokacin sojoji sun miƙa mulki ke nan, kowane oga yana can gidan ɗan siyasa yana neman kada a ɗauke shi daga kujerarsa. Fayil kuwa ya taru har taga. Ni aji biyu na yi a sakandare, amma duk mai neman riƙon maraya ni yake fara samu. Ni nake gaya masa ya kawo takardar mai unguwa da shaidu biyu, a je a duba gidansa, oga ya sa hannu, sannan kotu.

Malam Nasiru, wani tela a Gyadi-Gyadi, shekararsa tara da matarsa Binta ba haihuwa. Sun ga wata jaririya 'yar wata bakwai a gidan marayu, hankalinsu ya kwanta da ita. An gama komai, sai sa hannun Malam Sunusi. Wata rana na ga tela ya yi jugum a kan benci. Ya ce shi damuwarsa, in yarinyar ta girma ba muharramarsa ba ce. Sai ta riƙa rufe jiki a gabansa kamar baƙo, a gidan da ya raine ta.

Na tambaye shi ko yana da 'yar'uwa mai goyo. Ya ce akwai ƙanwarsa Ladidi a Darmanawa. Na ce to ta shayar da jaririyar, shi ke nan ya zama kawunta ta nono, ya je ya tambayi limaminsu in ƙarya nake. Liman ya tabbatar. Sai dai Ladidi sati biyu ya rage ta yaye ɗanta, kuma ba a shigar da kowa wurin yaran sai da takardar ofishinmu.

Na shiga wurin oga sau huɗu. Sau uku ba ya nan, na huɗu ya ce wa ya sa ni. Sai na ɗauki hatiminsa na buga a takardar ziyara, na rubuta kaina a matsayin jami'i mai rakiya. Ni da ko keke ofis bai taɓa ba ni ba.

Kwana uku ina kai Ladidi gidan marayun a tasi daga Darmanawa. Ga ni da gemu da furfura, ina tsaye a bakin ɗakin jarirai ina tambayar masu raino ko jaririyar ta kama nono. Ranar farko ta ƙi, na dawo gida ban ci tuwo ba, matata ta ce ko haihuwar 'ya'yanmu ban damu haka ba. Rana ta biyu ta sha har ta yi barci.

Da na yi shiru, ba mai sani. Amma ni ne, sai da na ba da labarin a teburin mai shayi, da ƙari, direban oga yana gefena yana tauna burodi.

Washegari Malam Sunusi ya tara ma'aikata, ya miƙo mini takardar mayar da ni gadi. Ya ce in faɗa wa jama'a wace doka ce ta ba masinja ikon taɓa hatimi.

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe. Hatimi na ɗauka, laifina ne, gadi kuma zan yi. Amma fayil ɗin yarinyar nan wata uku yana ƙarƙashin filas ɗin shayinka. Da na jira ka, da nonon Ladidi ya ƙafe. Yanzu tana da kawu, ko ka sa hannu ko kar ka sa."