Mu'allim Idi bai ƙarasa dandamalin ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shan shayi a unguwar Kudai, nan kusa da Harami, matarsa Hajiya Rabi ta kira ni. Mu'allim Idi ya rasu a mustashfa, wato asibiti. Huhunsa ne ya gaza.

Shekara goma sha ɗaya muna aiki tare. Shi yake kankare tsohon fenti daga katako, ya bi da injin sanfara mai goge katako har ya yi sumul, ni kuma in zo in shafa warnish. Idan katako ya ɗau ƙyalli, ni masu gida suke yi wa "masha Allah". Shi yana gefe yana kakkaɓe gari daga gemu, ko sunansa ba a tambaya.

Na taɓa shafa warnish katako bai bushe ba, duk ya kumbura. Kwana biyu ya yi a durƙushe yana sake kankarewa, ya ce wa mai gida shi ya yi kuskuren, ba ni ba. Bai taɓa yi mini gori ba.

Tarin da yake fama da shi ya kai shekara uku. Duk 'yan unguwarmu ta Misfala mun ji shi. Me muka yi? Muna ce masa ya sha citta da zuma.

Ganina da shi na ƙarshe, sati biyu ke nan, a wata istiraha, gidan shaƙatawa na haya, da ke bayan gari. Dandamalin katako ne a bakin wurin ninƙaya, rana ta cinye fentinsa. Na same shi ya zuba maganin cire fenti, warin har idona yake ci, ga kammamarsa ta rufe hanci ta koma ruwan ƙasa. Ya yi rabi, yana haki.

Ya ce, "Sabo, kama mini injin nan na awa ɗaya mana, ƙirjina ya cika."

Na ce, "Ma'alesh Mu'allim, yi haƙuri, ana jirana a unguwar Shisha."

Ya yi murmushi. "To je ka, kada ka makara."

Wallahi ba wani aikin gaggawa ba ne. Ƙurar nake gudu.

Ɗazu na buga wa mai istirahar na sanar da shi. Ya ce, "Allah yarhamu. Tayyib, to wa zai ƙarasa? Akwai biki ranar Alhamis." Na so in zage shi, sai na tuna amsar da ni ma na ba mamacin. Na kashe wayar kawai.

Za a yi masa sallah a Harami bayan la'asar. Wanda yake kusa ya daure ya zo.

Ya Allah, bawanka Idi ya ƙare rayuwarsa a durƙushe yana neman halal. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba Hajiya Rabi da 'ya'yansu haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Idan kun gama, ku roƙa mini gafarar Ubangiji, domin ta Mu'allim Idi ta riga ta wuce ni.