Keken da Wana Ya Bari

Da wana ya rasu, a shekarar da damina ta tsaya mana tun gero bai fid da kai ba, bai bar abin duniya mai yawa ba. Gona ce a gabas da ƙauyenmu Urno, da awaki, da rediyo, sai wani keke rataye a azaran zaurensa. Ya bar matarsa da 'ya'ya mata biyu ƙanana, ga innarmu, ga ni.

Bayan sadakar arba'in limamin unguwarmu ya zauna rabon gado. Dattawa suka yi wa gona kuɗi, suka yi wa awaki, har rediyon ba a yi gardama a kansa ba. Da aka sauko da keken sai aka rasa kuɗin da za a yi masa.

Ba irin kekunan da muka sani ba ne. Namu baƙaƙe ne masu nauyi, da wurin ɗora buhu a baya. Wannan kuwa shuɗi ne da ya koɗe, tayoyinsa sirara kamar yatsa, kansa ya lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago, kuma da hannu ɗaya za ka ɗaga shi. A goshinsa, inda ake manna tambarin masu ƙira, ramukan ƙusa kawai suka rage.

Liman ya ce, "Wa ya san nawa marigayi ya saye shi?"

Matarsa ta aiko daga ciki cewa ya gaya mata saye ya yi a Abijan, da kuɗin cin raninsa na shekara guda. Kawunmu ya ce a'a, shi da bakinsa ya ce masa wani nasara ne ya ba shi kyauta da zai koma gida. Ni kuma abin da ya faɗa mini shi ne mai kantin da ya yi wa gadi ne ya ba shi a madadin albashi. Wana ba maƙaryaci ba ne. Har yau na kasa gane dalilin da ya sa labarin ya zama uku.

Liman ya dube ni ya ce, "Dukiyar marayu ba a yi mata kirdado. Kai ka yi lakwal, tahi ka binciko muna."

Lakwal ɗin da na yi, wato boko, bai wuce in karanta allon hanya ba, amma na ɗora keken a amalanken jaki na nufi Madawa ranar kasuwa.

Mai gyaran keke na farko ya juya shi, ya gwada masa wata ƙusa daga cikin gwangwaninsa, ta ƙi shiga. Ya ce, "Ka gani? Kayana duk na Ingila ne, daga Najeriya suke zuwa. Tun da ta ƙi, wanga na Faransa ne." Na haye titi wurin na biyu, wanda ke gyara wa ma'aikata nasu. Shi ma ya gwada tasa, ta ƙi. Ya ce to lalle na Ingila ne. Na gaya masa abin da maƙwabcinsa ya ce. Sai ya ƙwala masa kira, suka haɗu a kan keken suna musu, mutane suka taru. Abu ɗaya kawai suka yarda da shi: babu mai sayensa a ƙasarmu ta duwatsu da ƙaya, in ba maƙeri ba.

Ina ɗaure shi a amalanke sai wani ɗan kasuwa mai babbar riga, da alama daga wajen Sakkwato ya zo, ya matso ya shafa sirdin. Ya taya shi kuɗin akuya. Na ce ba nawa ba ne, na marayu ne, farashi kawai nake nema. Na kama hanya. Ban kai bakin gari ba sai ga shi a guje yana haki, ya ce ya ƙara, zai ba da kuɗin tunkiya da ɗanta. Na ce, "Alhaji, mi ka gani gare shi?" Ya ce, "Ba komi, sha'awa ce." Wannan amsa ta fi musun masu gyara rikita ni. In ƙarfen banza ne, me ya sa dattijo da girmansa ya biyo ni da gudu?

Da na kai wa liman labari ya ce bai gamsu ba. A lokacin ana ta maganar nasaran da ke aikin tare ruwa da jera duwatsu a ƙasar Keita. Aka ce tun da kayansu ne, su za su sani. Na hau kamyon, babbar motar hatsi, zuwa Buza, keken a kan buhuna ina riƙe da shi kamar mara lafiya, daga nan wata mota ta ƙarasa da ni.

Wanda aka nuna mini ɗan Italiya ne, mai furfura a gemu, yana tsaye kan mata masu ɗaukar dutse. Da ya ga keken ya bar abin da yake yi. Ya kifa shi, ya goge ƙasan inda feda ke juyawa da gefen rigarsa. Akwai lamba a wurin, amma an goge rabinta da magagari. Ya bi mahaɗar ƙarafan da yatsa, yana ta magana shi kaɗai. Tafintansa, wani saurayi ɗan Tawa, ya riƙa juya mini.

"Ya ce jikin da hannu anka ƙera shi, ya girme ka. Wataƙila a ƙasarsu, wataƙila a Beljik. Ƙafafun na Faransa ne. Sirdin na Ingila ne."

Na ce, "To na wace ƙasa ne ke nan?"

Nasaran ya buɗe hannuwa biyu.

Na ce a tambaye shi kuɗinsa. Ya daɗe yana magana, amma abin da tafinta ya ba ni gajere ne: in ƙirar wani gwani ce da yake zato, a ƙasarsu zai yi kuɗin babur, in kuma kwaikwayo ne, bai kai komai ba, kuma ba tambari ba lamba babu mai iya rantsuwa. Na ce to ya saya mana. Ya yi dariya, ya ce yana da nasa a gida. Ya ba ni ruwan sanyi, ya koma wurin duwatsunsa. Ban sani ba ko tafintan ya rage wani abu, ko kuwa iyakar maganar ke nan.

Na dawo Urno na zayyana wa liman komai a gaban dattawa. Kawu ya ce a bi farashin nasara. Wani ya ce babur ɗin da ke Italiya ba ya ciyar da maraya a nan ƙasarmu ta Adar. Aka sa ni na koma Madawa neman ɗan kasuwar nan, na zaga kasuwa biyu ban gan shi ba, ba kuma wanda ya san shi.

Matar wana ce ta kashe maganar. Ta fito bakin zaure ta ce, "Malam, ɗiyana hatsi suka so, ba ƙarhe ba. A ba ƙanen ubansu abinai, a bar muna awaki." Rabona a gadon dama ɗan kaɗan ne. Liman ya tambayi innarmu, ta ce ta yarda. Aka shafa fatiha, keke ya zama nawa. Na tura shi gida ban san ko an cuce ni ba, ko ni ne na tafi da mafi tsadar abin da ya bari. Don zuciyata ta kwanta, da kaka ta gaba ta yi kyau na kai wa yaran damin gero, uwarsu ta karɓa ba ta tambayi dalili ba.

Sai bayan shekaru wani direba ya samo mini tayoyin da suka yi masa daidai daga Yamai. Na kai shi kan kwalta a Madawa na hau. Ban taɓa jin abu mai gudu haka a ƙarƙashina ba. Kaina a sunkuye, iska na cika mini riga, na wuce amalanke, na wuce wani mai keke da buhunsa. Da na hango masu albasa sun baza kaya a bakin hanya na lalubi birki a inda na saba samunsa, babu. Cikin buhunan albasa na tsaya. Mai kayan ya tashe ni, ya karkaɗe mini riga, sannan ya ɗaga keken yana jinjina rashin nauyinsa.

Ya ce, "Malam, wanga ƙirar ina ne?"

Na ce masa wallahi ni ma ban sani ba.