Hodar da Yaya Ya Taɓa da Harshe

Mu mutanen Bodinga ba mu cika yarda da ido ba. In an kawo kanwa sai mun taɓa ta da harshe kafin mu ce mai kyau ce, gishiri ma haka. Shekarun da takin zamani ya yi wuya aka riƙa cuɗa shi da farar ƙasa, da idona na ga manoman albasa na Danchadi sun kewaye buhu, kowa yana dangwala yatsa yana kaiwa baki. Haka muka tashi muka tarar, kuma ban taɓa jin wanda abin ya kashe ba sai yayana.

Yaya maƙeri ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, da guduma da zugazugi ya kai ni makaranta har na zama ma'aikaciyar ɗakin shan magani aka tura ni Shagari. Mutum ne mai tsokana, in na zo hutu sai ya ce ga likitar da ba ta iya hura wuta ba.

Da gwamnatin farar hula ta shiga tsuke bakin aljihu, wani kamfanin da ke yin hanya a wajenmu ya kwashe Turawansa ya tafi, ya bar motoci da ƙarafa a wani fili. Aka bar wa mai kula da sito makulli. Ɗan garinmu ne, abokin Yaya tun suna ƙanana, a akushi ɗaya suka ci tuwon Inna mahaifiyarmu. Ƙarfe ya yi tsada a lokacin, maƙera duk can suke zuwa neman abin ƙera kalme da lauje. Wata rana mai siton ya kira Yaya gefe ya sayar masa da wani dunƙulen abu mai nauyin tsiya, ya ce dalma ce zalla.

Dalma ce kuwa daga waje. Yaya ya yi kwana biyu yana sara da kurfi, ƙarfen da maƙera ke yanka ƙarfe da shi, sai ya tarar da wani ɗan ƙaramin bututu a tsakiya, ya fasa shi. Hoda ce a ciki, ba ta cika cokalin shayi ba. Ɗakin maƙera da duhu ko da rana tsaka, nan ya ga tana wani haske shuɗi-shuɗi. Ya kira matarsa ta gani. Sannan ya yi abin da kowane ɗan Bodinga zai yi, ya jiƙa yatsa ya dangwala ya kai harshe. Ya ce gishiri-gishiri take. Ya sake dangwalawa don ya tabbatar.

Kafin la'asar ya fara amai. Aka ce shawara ce, aka jiƙa masa saiwa. Sai da aka yi mako guda yatsunsa suka tashi kamar ƙunar wuta sannan aka aiko mini Shagari. Na zo na same shi a zaune yana dariya, ya ja gashin gemunsa ya nuna mini yana fita a hannu. Ya ce, “To likita, yau ga ranarki.” Ban yi dariya ba. Na ga dasashinsa yana jini, kuma babu abin da aka koya mana da ya yi kama da wannan.

A babban asibiti a Sakkwato muka dace da wani likita dattijo, baƙo daga ƙasar waje. Da ya ji labarin hoda mai haske sai ya ajiye biro. Ya aika aka aro masa wata na'ura mai kan sanda wadda ke ƙara in ta ji irin wannan abin. A jikina ta yi ƙas, ƙas, jefi-jefi. Da aka kai ta cikin Yaya sai ta ɓarke kamar ana soya gyaɗa, a cinya haka, a baya haka, har a fitsarinsa da ke cikin kwalba.

Likitan ya zaunar da ni ya yi mini bayani, tunda ni ce mai jin Turanci. Ya ce sunan hodar siziyam, ana rufe ta cikin dalma a na'urar auna ƙasar hanya. Tana fitar da wani haske da ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi, sai dai ita ba ta da makunnin kashewa. Ya ce irin waɗannan abubuwa kowanne da inda yake sauka in ya shiga jiki, wani ƙashi yake nema ya zauna, wani maƙogwaro. Ita wannan jiki yana ɗaukarta kamar wani gishirin abinci da nama ke buƙata, sai ya raba ta ko'ina, tana ƙona mutum daga ciki, musamman ɓargon da ke yin jini. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, jiki yana zubo ta cikin hanji kamar zai fitar, sai hanjin ya sake tsotse ta ya mayar. In an bar ta, sai an yi wata uku zuwa huɗu kafin rabinta ya fita, kuma Yaya ba shi da wannan lokacin.

Akwai magani, in ji shi. Wani magani ne na ƙwaya, shuɗi, in an sha yana zama a hanji ya kama hodar duk lokacin da ta zubo, ya hana ta komawa jini, su fita tare a bayan gida. Babu shi a ƙasar nan, sai an yo odarsa daga Turai. A shekarar da ake layin sabulu da madara, shigo da kaya sai da lasin. Ya rubuta takarda a gabana aka aika Legas.

Inna ta ji ana cewa magani shuɗi ne. Washegari ta zo da kwano a rufe, ta jiƙa bula ta wanki har ta yi kauri, wai a ba shi kafin na Turai ya iso. Na karɓa na zubar a kwata ina kuka, ita kuma ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Ma'aikata suka je Bodinga da na'urar, suka kwashe ƙasar maƙera da tabarmi da tufafi, har turmin gidan. Suka gano matar Yaya ma ta samu nata kaso, don ita ke wanke masa kaya, tare kuma suke cin abinci. Babbansu ya ce ba a yin irin wannan dunƙule sai da farantin gargaɗi a jiki, rawaya, da zane mai kama da fanka mai fiffike uku. Ya tambaya ina yake. Yaya ya rantse bai ga wani faranti ba, ramukan ƙusa huɗu kawai ya gani.

Ni na kai su gidan mai sito. Tun daga tsakar gida na hango farantin, an buga shi a ƙofar akurkin kaji an toshe wata ɓaraka da shi, rawaya, da fiffikensa uku. Na tambayi mai sito don me ya cire. Ko kunya bai ji ba, ya ce, “In da shi a jiki wa za ya saye? Bature ya ce kar a buɗe, ni kuwa ban ce mai ya buɗe ba.”

Maƙeri ka sayar wa dalma, ka ce ba ka ce ya buɗe ba. To me zai yi da ita, ya yi matashi? Wallahi da akwai guduma kusa da ni ranar da yanzu wani labarin nake rubutawa. Aka tafi da shi ofishin 'yan sanda, ya kwana biyu, manyan jam'iyyarsu suka sa baki ya dawo gida. Bai taka asibiti ba ko sau ɗaya.

Yaya ya yi mako biyar. Ana ƙara masa jini yana zurarewa, zazzaɓi ya ƙi sauka, ba a barin kowa ya daɗe kusa da shi. Kullum na shiga sai ya ce, “Shuɗin naki ya zaka?” Ni kuma in ce yana hanya. Ranar ƙarshe bai tambaya ba. Da hantsi ya cika.

Ba a bari an yi masa wanka ba, don ruwan zai kwashi abin ya shiga ƙasa. Taimama aka yi masa da safar hannu. Aka haƙa kabari mai zurfin da ban taɓa ji ba a can gefen maƙabarta, aka zuba siminti a kai. Mutumin da ya wanke gawar rabin unguwarmu, shi aka binne haka. Na tambayi likitan yaushe abin zai mutu a cikin ƙasa. Ya ce shekara talatin yake yi kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, sannan wata talatin kafin rabin abin da ya rage.

Maganin ya iso bayan sadakar arba'in. Matar Yaya ta sha shi, bayan gidanta ya koma shuɗi kamar yadda aka faɗa, ƙarar na'urar tana raguwa mako bayan mako. Ta rayu, har ta yi wani auren a Lambara. Na yi murna da ita, amma duk ƙwayar da na miƙa mata sai na ji kamar in haɗiye zuciya.

Bayan shekara tara, wata safiya ina duba mata masu awo a Shagari, sai ga mai sito ya shigo cikin farar babbar riga. Ya yi ƙiba, ya samu kujerar Makka, yana zagayen neman gafara kamar yadda maniyyata ke yi. Ya riga ya je wurin Inna ta yafe, ita dama ba ta iya riƙe mutum. Ya durƙusa a gaban jama'a ya ce, “Ƙanwata, ƙaddara ta. Na zaka ki yahe mini kahin in tahi.”

Matan da ke layi suka fara cewa in yafe, ai Allah ma muna yi masa laifi ya yafe mana. Na san haka, ba a fi ni sani ba. Na bar shi a durƙushe har na gama rubuta katin da ke gabana. Sannan na ce masa, “Abin da ka saisuwa ga Yaya yana nan cikin kabarinai bai mutu ba. Likita ya ce sai shekara talatin rabinai ka tahiya. Yanzu tara anka yi. Ka komo in sun cika, mu gani ko rabin abin da ke raina ya tahi.” Na kira mai awo ta gaba.

Bai komo ba. Ya je Makka ya dawo, ya yi shekarunsa, hawan jini ya kashe shi, aka yi masa wanka da ruwan ɗumi da turare. Shekara talatin ɗin sun cika tuni, na je na tsaya daga nesa na dubi simintin nan ya tsattsage, ciyawa ta fito a gefensa. Na Yaya rabi ya tafi, in ji lissafin likita. Na duba nawa da ke zuciya, ban ga inda ya ragu ba.