Gahawar Sallamar Sabit

A garin su Sabit, can cikin duwatsun kudancin ƙasar Sabiya, babu mai ɗinka wandon jins shi kaɗai. Alhaji Mersad ke yanka yadi, 'ya'yan Elmaz su ɗinka, wani gurgu ya buga maɓallai, sannan a kai wa Sabit ya wanke da duwatsu har wandon ya koɗe yadda samari ke so. Ba takarda tsakaninsu. Duk safiyar Asabar sukan haɗu gidan Alhaji, abin da aka faɗa a kan gahawa kuwa ya zauna.

Sabit ya shiga sana'ar yana saurayi, ga shi yanzu furfura ta cika masa kai. Shuɗi ya kama hannunsa, sabulu ya gaji ya ƙyale shi. Injin wankin na taro ne, amma da yake gidansa ne a bakin kogi, nan aka girka shi, aka sa sunansa. Shi kuwa bawan Allah har alfahari yake yi, ya ɗauka girmama shi aka yi.

Kowace shekara yakan ce a haɗa hannu a gina ramin tace ruwa, saboda kogin ya riga ya koma kalar wando. Kowace shekara Alhaji, mijin Zumreta ƙanwar Sabit, yakan yi dariya ya ce baɗi, kifaye ma ai suna son ado.

Bana shanu suka fara mutuwa a ƙauyen da ke ƙasa da gari. Aka ga baƙi biyu daga hukuma suna bin gaɓa da kwalabe, suna tambayar inda bututun da ke zubo ruwan shuɗi cikin kogin ya fito. Sabit ya tsorata, domin ya san mai bututun gidan yari zai kwana. Amma ya lallashi kansa cewa tsintsiya ce su, maɗauri ɗaya. A makon nan ba wanda ya kawo masa wanki. Gurgun ma da ya hango shi sai ya sauya hanya.

Asabar ya tafi gidan Alhaji. Yana shiga hira ta mutu.

"Suruki, me za mu ce wa mutanen nan?" in ji Sabit.

"Za mu? Kai dai ka zauna ka sha gahawa tukuna," in ji Alhaji.

A garin, gahawa uku ake ba baƙo: ta maraba, ta hira, sai ta ƙarshe, tsararo kamar ruwan wanke tukunya, wadda ke nufin ka tashi. Zumreta ta shigo da tire, ta ajiye wa kowa baƙa mai kauri. Finjalin Sabit kuwa har gindinsa ake gani, alhali ko hula bai cire ba.

"Ke ma, Zumreta?"

"Yaya, ina da 'ya'ya," ta ce, idonta a ƙasa.

Ya miƙa hannu zai ɗauka, sai ya dubi hannuwan da ke kewaye da tiren. Duk fes suke. Nasa kaɗai ne shuɗi.